Rundunar Awo: Littafin Bibiyar Yadda Sauyin Doka Ke Juya Wasan Yaƙin Tebur

26 ga Yuni, 2023

Yau na buɗe wannan littafi. Aikin da na ɗora wa kaina shi ne in tsayar da runduna guda ta Space Marines mai maki 2000 a wasan Warhammer 40,000, in gama mata fenti, sannan in bar ta yadda take, babu ƙari babu ragi, duk yadda dokoki suka juya. So nake ta zame mini sandar awo. In ta yi ƙarfi bayan wata shida, na san ba hannuna ba ne. In ta yi laushi ma haka. 'Yan sojojin roba ne, kowanne bai kai tsawon yatsa ba, ba sa girma kuma ba sa ramewa. Abin da ke sauyawa rubutun da ke kan takarda ne.

Lokacin ya dace. Shekaranjiya bugu na 10 ya fito, kuma kamfanin Games Workshop da ke Nottingham a Ingila ya ajiye duk littattafan rundunoni na bugu na 9, ya ba kowane ɓangare sabbin katunan bayani kyauta ta intanet. Rabon da a yi irin wannan shara tun bugu na 8 a 2017. Kowa ya koma bakin layi ɗaya, ko kuma dai haka aka yi niyya.

Saboda wanda bai taɓa tsayawa gaban teburin ba: faɗinsa inci 44, tsawonsa inci 60, an jera kangaye da tarkacen gini a kai, ana kuma buga zagaye 5. Dayis mai fuska shida ke yanke hukunci. Mai hari ya jefa a ga ko ya samu, ya sake jefawa a ga ko ya raunata, sannan wanda aka kai wa hari ya jefa a ga ko sulkensa ya tare. Kowane rukunin sojoji yana da farashinsa na maki, kuma ba ka wuce 2000. Nasara kuwa ba ta yawan kisa ba ce. Makin nasara 100 ake nema, daban da na farashi: 50 daga riƙe wuraren da aka sa wa alama, 40 daga ƙananan ayyuka, 10 kuma kyauta ga wanda ya yi wa sojojinsa fenti.

Rundunar tawa ba ta da wani abin mamaki. Intercessors (sojojin ƙasa na gama-gari) rukuni uku, Terminators (masu sulke mai kauri) goma, Redemptor (injin yaƙi mai tafiya da ƙafa) biyu, tankar Whirlwind ɗaya, kwamandoji, da 'yan cikon gurbi. Da gangan na zaɓi tsaka-tsaki. Abokin karawata na dindindin da ɓangaren Aeldari yake bugawa, shi kuma ban ɗaure shi da wani sharaɗi ba.

2 ga Yuli, 2023

Gani ya kori ji. Kafin in kai zagaye na uku babu abin da ya rage mini da zai iya riƙe wuri.

Ba zan ce dayis ne suka ƙi ni ba, domin abokina kusan bai bar wa dayis aikin yi ba. Dokar Aeldari ta ba shi dayis ɗin ƙaddara guda 12 da yake jefawa tun kafin a fara, ya ajiye su gefe, duk lokacin da ya ga dama ya ɗauki ɗaya ya ce ga sakamakon jefansa. A cikin 12, bisa lissafi, ana sa ran biyu su faɗo kan 6. Sai ga doka ta biyu, wadda zan riƙa kira mummunan rauni: makamin da ke da ita, in jefan rauninsa ya zo 6, ɓarnarsa kan koma irin wadda sulke ba ya tarewa, kuma abin da ya yi saura bayan soja ɗaya ya faɗi sai ya tsallaka kan na kusa da shi. Babbar bindigar Wraithknight, ƙaton injin yaƙin Aeldari, tana ɓarnar dayis biyu, matsakaicinsu 7. Intercessor rai biyu gare shi. Wato harsashi ɗaya, sojoji uku a ƙasa, na huɗu da rauni, ba tare da na jefa ko dayis ɗaya ba.

Ta uku ita ce ta ƙarasa ni. Dokar dogaye ta ce abin da ya kai tsayin Wraithknight yana hangen abin da ke bayan kango. Na ɓoye Terminators a inda na saba ɓoye su tun bugu na 9, ya leƙo ta sama ya same su.

Abin da na rubuta da jan biro a gefen shafi: babu ɗaya cikin dokokin nan uku da ke da muni ita kaɗai. Haɗuwarsu a jikin abu ɗaya ce ta haifi dodo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa tsaga uku ce ta haɗu wuri guda.

Da muna kwashe kaya ya ce mini, "Mutumina, wallahi ni ma ban ji daɗin wannan cin ba." Na yarda da shi, ko da yake murmushin bai bar fuskarsa ba.

16 ga Yuli, 2023

Gyaran gaggawa ya fito a farkon watan nan. Dayis ɗin ƙaddara yanzu ɗaya kawai ake amfani da shi a kowane mataki na zagaye, an kuma ƙara farashin dogaye da na masu harbin tsallake, wato makaman da ke jefa wuta kan abin da ba su gani ba. Mun sake bugawa. Na kai zagaye na huɗu. Ci gaba ne, amma irin na mai haƙar rijiya.

20 ga Agusta, 2023

Watan fenti. Terminators sun kammala, saura Redemptor ɗaya da ya ƙi zama kan gindinsa sai da na sake masa gam. Ina cikin wannan aiki na zauna da wani dattijo da ya fara wasan tun bugu na 3 a 1998, na nuna masa littafin. Ya duba, ya yi dariya, ya ce, "Yaro, abin da kake aunawa mun daɗe muna shan sa, ba mu dai rubuta ba."

A zamaninsu, in littafin runduna ya fito da ƙarfin da ya wuce kima, haka za a zauna da shi shekaru. Gyara akai-akai sabon abu ne. A ƙarshen 2017 aka fara fitar da littafin Chapter Approved mai sauya farashi sau ɗaya a shekara. A Afrilun 2018 aka kawo dokar uku, wadda ta hana maimaita rukuni iri ɗaya fiye da sau uku a wasan maki 2000, in ban da sojojin gama-gari da motocin ɗaukarsu. Kafin nan mutum kan gano abu ɗaya mai araha da ƙarfi ya cika tebur da shi. Layi ɗaya ya kashe wannan salon gaba ɗaya, masu kwabar da ke cike da abu iri ɗaya suka wayi gari rabin kayansu ya zama ado.

Ya tuna mini da Iron Hands na 2019, ɗaya daga cikin gidajen Space Marines, da suka mamaye gasanni har sai da aka gyara dokar dukan Space Marines a Fabrairun 2020, aka tilasta musu barin yanayin manyan bindigogi bayan zagayen farko. Ka ga laifin gida ɗaya ya shafi dangi duka. Ni kuma na kawo masa wanda na gani da idona, na Leagues of Votann a 2022, waɗanda aka rage wa ƙarfi aka kuma ƙara musu farashi tun kafin yawancin mutane su riƙe littafinsu a hannu.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne na Afrilun 2022, lokacin da aka ba masu sulken ƙarfe irin su Space Marines wata doka da ke rage kaifin huda na duk makamin da ya same su da mataki ɗaya. A ido kamar ba komai. Amma soja mai kariya ta 3, wato wanda jefan sulke 3 ko sama ke tsirar da shi, in makami mai huda ɗaya ya same shi, da 4 yake tsira, wato rabi da rabi. Da wannan doka sai ya koma tsira da 3, faɗuwarsa ta sauko daga ɗaya cikin biyu zuwa ɗaya cikin uku. Kashi ɗaya cikin uku na mace-macensa ya tafi. Ba a taɓa ko harafi ɗaya a katin maƙiyansa ba, amma duk wanda ya dogara da ƙananan bindigogi masu huda ɗaya ya ji a jikinsa. A Janairun 2023 aka janye dokar, ruwa ya koma inda ya fito.

Na tambaye shi, "Baba, to me zai hana a bar maki gaba ɗaya, kowa ya kawo abin da yake so?" Ya ce an gwada. Age of Sigmar, wani wasan kamfanin, ya fito a 2015 babu farashin maki ko ɗaya, shekara guda ba ta wuce da yawa ba sai ga General's Handbook na 2016 ya dawo da su.

17 ga Satumba, 2023

Babbar takardar daidaito ta fito a farkon wata, kuma wannan karon tushen wasan aka taɓa, ba rassa ba.

Mummunan rauni ya daina tsallakawa. Har yanzu sulke ba ya tare shi, amma ɓarnar kan tsaya kan soja ɗaya. Harsashin da ya kwashe mini uku da rabi a Yuli yanzu ɗaya yake ɗauka, ko da ɓarnarsa ta kai 12. Dogaye sun daina hangen bayan kango, sai sun taka cikinsa. Manya-manyan injunan yaƙi an hana su harbin tarba a zagayen abokin gaba. Kwamandojin da ke ba da dabara kyauta an taƙaita musu irin dabarar da za su bayar.

Mun buga sau biyu. A na biyun Terminators suka kai tsakiyar tebur da ransu, karon farko tun da na buɗe littafin nan, suka zauna kan wurin cin maki har ƙarshe. Ban ci ba, amma wasa aka yi, ba yanka ba.

Abin lura shi ne waɗanda gyaran ya taka ba da niyya ba. Dokar dogaye ba ta Aeldari kaɗai ba ce. Imperial Knights da Chaos Knights, waɗanda manyan injunansu duka dogaye ne, sun sha ƙarin farashi a Yuli, yanzu kuma an rufe musu ido. Haka duk wani ɓangare da ya jingina da mummunan rauni don share tarin ƙananan sojoji. An jefi Wraithknight, dutsen ya sauka a gidaje da yawa. A ɗaya gefen kuma, duk mai sojojin ƙasa masu tsada, irina, ya samu ƙarin ƙarfi ba tare da an ambaci sunansa a takardar ba. Faɗuwar wani tashin wani.

Sai matsalar da ban hango ba lokacin da nake cika baki a Yuni. Kundin farashi ma ya sauya, wasu rukunaina sun hau, wasu sun sauka, jimilla ta daina tsayawa kan 2000. Sandar awon da kanta tana miƙewa tana tsukewa. Na yanke shawara: in jimilla ta haura, zan cire ƙarin baiwar da nake saya wa kwamanda, in ta yi ƙasa, zan shiga da giɓin haka nan, in rubuta yawansa. Giɓin ma ai bayani ne, shi ke nuna yadda masu dokar ke kallon darajar kayana.

29 ga Oktoba, 2023

Littafin Space Marines ya fito a watan nan, ya taɓa abin da rundunata ta fi dogara da shi, dokar rantsuwa. A kowane zagaye nakan nuna rukuni ɗaya na abokin gaba in ce wannan muka rantse a kansa. A katunan Yuni, duk wanda ya kai masa hari yana iya sake jefan samu da na rauni. Yanzu na samu kaɗai ya rage.

Na zauna da takarda da biro. A ɗauki bindiga mai samu da 3, tana harbin abu mai tauri da sai da 5 take raunata shi. Babu rantsuwa, biyu cikin uku sau ɗaya cikin uku, harsashi 22 cikin 100 ke kaiwa ga jefan sulke. Da tsohuwar rantsuwa, samu ya zama 8 cikin 9, rauni ya zama 5 cikin 9, jimilla 49 cikin 100. Da sabuwar, 30. Wato a da rantsuwa na ninka aikin ƙaramar bindiga fiye da sau biyu, yanzu ƙarin bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba.

In kuma makamin mai ƙarfi ne da ke raunata da 3, saukar daga 79 ce zuwa 59. Ta yi zafi, amma ba kamar ta farkon ba. Ma'anar wannan a tebur ita ce, a da Intercessors ɗina na iya taruwa su kayar da tanka don kawai na nuna ta da yatsa. Yanzu tanka sai makamin tanka, ni kuwa Redemptor biyu ne kaɗai abin da nake da shi mai kama da haka. Da ina da 'yancin sauya runduna da na san abin da zan saya. Ba ni da shi, ni na hana kaina.

A ganina gyaran daidai ne, ko da ni ya cutar. Dokar da ke sa kowane makami ya iya kowane aiki tana kashe amfanin zaɓi.

11 ga Fabrairu, 2024

Takardar ƙarshen Janairu ta rage dayis ɗin ƙaddara daga 12 zuwa 6. Karo na uku ke nan ana komawa kan Aeldari cikin wata bakwai. Abokina ya kira ni yana faɗa, wai an mai da su saniyar ware. Na ce masa, "Haba mutumina, wanzami ba ya son jarfa." Bai yi dariya ba sai daga baya.

Yau na fara cin sa. Na so in rubuta da manyan baƙaƙe cewa daidaito ya samu, sai na tsaya na yi wani lissafin da ya sanyaya mini jiki. A ce ɓangarori biyu ƙarfinsu ɗaya sak, kamar jefa kwabo. In suka buga wasa 10, yiwuwar ɗaya takamaimai ya ci 7 ko fiye ita ce 176 cikin 1024, kusan 17 cikin 100. In ba ka damu da wanne ne ba, ninki biyu, kusan 34. Wato sau ɗaya cikin uku za ka ga abin da ya yi kama da rinjaye alhali babu komai sai sa'a. Wasannin da mutum biyu za su iya bugawa tsakanin takarda da takarda ba su kai su tabbatar da komai ba.

Don haka daga yau na daina ɗaukar ci da faɗuwa a matsayin babban ma'auni. Zan riƙa rubuta abin da ido ke iya tabbatarwa: a wane zagaye rukuni kaza ya faɗi, me ya kashe shi, wane wuri na iya tsayawa a yau da ban iya ba a da.

Ko alƙaluman gasanni ma, masu dubban wasanni, suna da nasu ramin. Kamfanin ya sha faɗa cewa burinsa kowane ɓangare ya zauna tsakanin kashi 45 da 55 na nasara, kuma Aeldari a watannin farko sun haura 60 nesa ba kusa ba. Amma kason nasara ba ƙarfin doka kaɗai yake aunawa ba, har da waɗanda ke riƙe da rundunar. Gwanayen da ke neman kofi sukan koma duk inda ƙarfi yake. In aka dakushe ɓangare, su ne farkon tashi, sai a bar masu ƙaunarsa tsakani da Allah, waɗanda ba lallai su kai waɗancan iyawa ba. Sai adadin ya faɗi sau biyu, faɗuwar doka da faɗuwar hijira. Mai kallon adadi kaɗai zai ce an wuce gona da iri, ya nemi a mayar musu da abin da aka ƙwace. Space Marines kuwa tasu matsalar daban ce: su ne rundunar da yawancin sababbi ke farawa da ita, don haka matsakaicinsu kan yi ƙasa ko da akwai jeri ɗaya ko biyu masu cin gasa.

5 ga Mayu, 2024

Ba wani abu. An ɗan motsa farashi, na gyara jimilla. Na sake wa tutar kwamanda fenti don launin farko bai yi mini ba.

7 ga Yuli, 2024

Sabon kunshin ayyuka, Pariah Nexus, ya maye gurbin Leviathan a watan jiya, tare da gyaran wasu dokokin tushe. Wannan shi ne sauyin da ya fi koya mini abu, domin katunan sojojina kusan ba a taɓa su ba, amma yadda nake ji da su a hannu ya bambanta.

Dokokin fili da dama a sabon kunshin suna fifita sojojin gama-gari, irin waɗanda ake ɗauka a matsayin ƙashin bayan runduna. Shekara guda ina jan Intercessors rukuni uku kamar kaya, ina kallon jerin gwanaye babu su ko ɗaya, ko kuma ɗaya tak don gadin gida. Yanzu akwai wasannin da katin da aka zaro ke ba su abin da sauran ba su samu ba. Ba su fi da kisa ba, ba su fi da tauri ba. Tambayar da filin ke yi ce ta sauya, su kuma suka zama amsa. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, ni kuwa da na ƙi canza rawa sai kiɗan ya zagayo ya same ni a inda nake tsaye.

Harbin tsallake ma an sake taɓa shi: in ba ka ganin abin da kake harbi, jefan 1, 2 da 3 faɗuwa ne ko me ka tara na ƙari. Na yi tsammanin Whirlwind ta mutu, har na fara yi mata ta'aziyya, sai na lura ban karanta da kyau ba. Tana samu da 3, harbin tsallake dama yana rage mata ɗaya, ya zama 4. Inda take nan aka sa rufin. Waɗanda abin ya dafa su ne masu manyan bindigogi irin Astra Militarum, da suka saba cike wannan ragin da umarnin kwamanda ko da tsayawa wuri ɗaya. Wannan gyara ya burge ni. An sare kan da ya yi tsawo ba tare da an taɓa gajeru ba, saɓanin ƙarin farashi na bara da ya hau kan kowa.

15 ga Satumba, 2024

Gwajin kangaye. Tun Yulin bara abin ke raina, yau muka yi shi. Runduna ɗaya, aiki ɗaya, mutum biyu ɗin nan dai, amma tebur iri biyu. Da safe muka jera kangaye kaɗan, aka bar dogayen hanyoyi a buɗe daga gefe zuwa gefe. Da yamma muka bi ɗaya daga cikin taswirorin gasa da kamfanin ke bayarwa, inda kusan kowane rukuni ke da bangon da zai fake a zagayen farko.

Da safe wanda ya fara jefa wuta shi ya ci, kuma tun zagaye na biyu an san shi. Terminators masu tafiyar inci 5 ba su taɓa kowa ba. Da yamma su ne suka riƙe tsakiya, tankokinsa masu dogon zango suka yi ta kewaya bango suna neman kusurwa.

Wasa biyu ba hujja ba ce, na riga na faɗa wa kaina wannan. Amma tazarar da na gani tsakanin safe da yamma ta fi duk wadda na gani tsakanin wata takardar farashi da mai bi mata. Wannan ya sa nake ɗan ja baya idan aka haɗa sakamakon gasanni daban-daban a tukunyar lissafi ɗaya, alhali wasu masu shirya gasa na amfani da taswirar kamfani, wasu da tasu, wasu ma 'yan wasa ke jera kangayen da kansu. Ɓangaren da ke cin kashi 50 a jimilla yana iya zama zaki a wani tebur, kyanwa a wani.

22 ga Disamba, 2024

Rantsuwa ta dawo da rabin abin da ta rasa. Takardar watan nan ta ce in rundunarka daga littafin Space Marines take zalla, babu rukunin Blood Angels, Dark Angels, Space Wolves, Black Templars ko Deathwatch a ciki, to ban da sake jefan samu, kana da ƙarin ɗaya a jefan rauni kan wanda ka rantse a kansa.

Na koma shafin Oktoban bara na ƙara layi. Ƙaramar bindigar nan mai raunata da 5 yanzu da 4 take yi: 8 cikin 9 sau rabi, 44 cikin 100. Jerin ya zama 49, sannan 30, sannan 44. Babban makamin kuma 79, 59, 74. Soja ɗaya, bindiga ɗaya, fenti ɗaya, cikin wata 18.

Dalilin sharaɗin shi ne abin sha'awa. Gidajen nan biyar suna da nasu rukunai na musamman, kuma suna iya ɗibar duk abin da ke babban littafi. In an rage farashin wani abu don a taimaki gidaje irin Ultramarines ko Salamanders, su ma waɗancan sun amfana, tazarar tana nan. Farashi ba zai iya raba mutum biyu da ke saye a rumbu ɗaya ba. Sai da aka rubuta doka mai kallon wanda ba ya cikin rundunar. Ban taɓa tunanin rashin wani abu a jerina zai zama ƙarfi ba, amma ga shi. Tawa zalla ce, ba don hangen nesa ba, don dai launin da nake so ke nan.

Wraithlord ɗin abokina, wani injin yaƙin Aeldari, ya faɗi a zagaye na biyu, kuma Intercessors ne suka ƙarasa shi. Rabon da su yi irin wannan tun kafin Oktoban bara.

16 ga Maris, 2025

Littafin Aeldari ya fito a watan jiya, dayis ɗin ƙaddara sun daina zama dokar ɓangaren baki ɗaya. An koma ba su alamomin da suke kashewa don ƙarin motsi: su ƙara gudu, su zame bayan an harbe su. Abin da aka yi ta datsewa a ƙarshe an tumɓuke shi an dasa wani, sai a reshe guda na littafin aka bar masa wuri.

Wannan ya jefa aikin nan cikin wani hali. Duk abin da na rubuta tun Yunin 2023 awo ne tsakanin rundunata da wani abokin gaba da yanzu babu shi. Sojojinsa na nan a akwati ɗaya, launi ɗaya, amma wasan da suke bugawa wani ne. Jiya ban rasa ko rukuni ɗaya ba kafin zagaye na uku, duk da haka ya ci ni da maki, domin duk inda na kai hannu sai in tarar sun tashi. Shafin da na ware don "me ya kashe shi" ya zauna kusan fari. Dole in ƙara wani: sau nawa na nuna rukuni na rantse a kansa, zagayen ya ƙare ban gan shi ba. Jiya sau biyu.

Ya ba ni shawara in saki sharaɗin, in sayi wani abu mai gudu. Na ce a'a, sai bugun nan ya ƙare. Na ja layi biyu a ƙarƙashin shafin Disamba, na rubuta "kashi na biyu" a saman sabon shafi. Mun sa ranar 30 ga wata, taswirar yamma ta Satumba, aiki iri ɗaya da na jiya, kuma wannan karon ni zan zaɓi gefen tebur.